Telan da Ya Kori Kowa Daga Guruf

Kaf garin nan ba a haifi wanda ya taɓa doke ni a gem ba, ku tambayi kowa. To, gaskiya dai ban taɓa bugawa da kowa ba, don yatsun nan nawa kamar rogo suke, in na danna maɓalli ɗaya uku ne ke amsawa. Amma wanda ba a doke ba ai ba a doke shi ba. Da wannan matsayin nawa na tare Shitu, ɗan yayata, magidanci da gemunsa, a bencin mai shayi. Na hango babban yatsansa yana shawagi a fuskar wayarsa, a kan sunan Mudi, abokinsa tun suna wasan ƙasa. Wai zai cire shi daga guruf ɗinsu na 'yan gem, don Mudi ya ce na'urar gem ɗinsa ta fi ta Shitu. Na kama hannun rigarsa na ce, "Ɗana, yau ko shayin nan zai zama ƙanƙara, ba ka danna komai sai ka ji labarin tela."

Na ce masa an yi wani tela, gwanin gem ɗin hannu, irin 'yar na'urar nan da ake riƙewa da hannu biyu kamar mai gaigayar masara. Shi ne admin na wani ƙaton guruf, jama'a maƙil daga gari-gari. Sun rabu gida biyu, masu jar na'ura da masu baƙa, kullum cikin jifan juna. Masu ja su ce baƙar tana zafi kamar dutsen guga. Masu baƙa su ce cajin jar kamar alƙawarin tela yake, ba ya kai inda ya ce zai kai. Wannan ce ta soki mutuminka, don shi ja yake riƙewa, kuma ga inda aka taɓo. Ya dafa kekensa ya rantse ba zai sake zura zare a allura ba sai ya share guruf ɗin nan tas. Ya ture yadikan mutane gefe, ya zauna yana bin sunaye yana datsewa kamar da almakashi. Mai baƙa ya yi sallama, waje. Mai baƙa ya turo sitika, waje. Har wani bawan Allah da bai taɓa cewa uffan ba, an dai ga baƙar a hotonsa, shi ma waje. Guruf ya zama na masu ja zalla, tela ya miƙe ƙafa ya ce yanzu aka samu zaman lafiya.

Sai dai bakin da ya saba da zagi ba ya zama banza. Ba a jima ba masu ja suka gano ashe su ma iri biyu ne, akwai waɗanda suka saya sabuwa dal a kwali, akwai 'yan gwanjo. Ta tela daga kwali ta fito, don haka 'yan gwanjo suka bi sahu. 'Yan kwalin ma suka dare, masu ɓare ledar fuskar na'ura da masu barin ta har ta yi baƙi. Tela bai ɓare tasa ba, ya ce mai ɓarewa bai san darajar kaya ba, ya kwashe su. A ƙarshe saura shi da amininsa, wani mai faci. Rannan mai faci ya yi suɓutar baki ya ce baƙar nan fa, a bar ta da sauti mai daɗi. Tela ya yi ƙwalla, amma ya cire shi, don namiji ba ya magana biyu. Su kuwa korarru, ja da baƙa, gwanjo da kwali, suka haɗu suka buɗe nasu guruf ɗin, abin da ya haɗa kansu shi ne zagin tela. Sai ga saƙo sun aiko masa: ya fito da ƙungiyarsa a kara a gem ɗin ƙwallo, a ga su wane ne maza. Tela ya shiga guruf ɗinsa ya rubuta, jama'a a fito! Tsit. Ya rubuta, ina mazan? Tsit. Da kunya ta ishe shi sai ya amsa wa kansa, ga mu nan oga. Daga baya ya rubuta, ku duka matsorata ne, ya shiga lalube yana neman wanda zai cire.

Nan Shitu ya ɗaga hannu. "Kawu, tsaya. Ka ce shi kaɗai ya rage a guruf ɗin?"

Na ce, "Shi ɗaya tilo, kamar tsinke."

"To kai a ina ka karanta abin da ya rubuta?"

Na ɗauki kofi na kurɓi shayi. Mai shayi ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Shitu kuwa dariya har da buga benci, ya ce wallahi wannan ƙaryar ta fi ƙarfin kunnen mutum ɗaya. Ya danna waya ya kara a baki: "Mudi, ɗan baƙar na'ura, kana ina? Zo ka ji abin da Kawu ya shirga yau."

Na ce, "Telan ƙarya ne, na yarda. Amma ka ga ko dariyar ma ka kasa ɗaukarta kai kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."