Gurbin Sunan Sabulu

"Waƙar sakan talatin ce fa, malam! Atishawa ma ta fi ta tsawo," in ji mai kamfanin sabulu, ya datse farashina gida biyu.

Shekara arba'in ina yi wa 'yan kasuwa waƙar talla, na san kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. Na ce, "Araha ba ta ado, yallaɓai, amma ɗanɗano kyauta ne." Na tsaya tsakiyar ma'aikatansa na rera sau uku. Duk inda sunan sabulun zai faɗo, sai in yi shiru. Na yi tafiyata.

Masu naɗe sabulu suka ɗauka, direbobi suka kai ta kasuwa. Kwana huɗu, matarsa na wanki tana rerawa, in ta zo gurbin sai ta yi turus.

Rana ta biyar ya faɗo ɗakina ba sallama. "Baba, gari ya ɗauka! Sa sunan, na yarda da farashinka!"

"Wancan na makon jiya ne, ɗana. Yanzu ya ninka."

"Saboda me?"

Na nuna masa kofin shayi a gaban kujerar baƙi, yana tururi. "Abokin gasarka ma sunan sabulunsa ya zauna a gurbin kamar an gwada."

Nan take ya biya.

Da ya fita, na jawo shayina daga gaban kujerar baƙi na ƙarasa.