Inusa a Saman Bene

Tun da moto, wato babur, ta karya wa Inusa ƙugu a hanyar Bande, ƙafafunsa suka daina jin maganarsa. Hannuwa da kai kuwa lafiya lau, don haka ya koma aikinsa na sakatare a wani kamfanin riɗi da wake a Magarya. Matsalar ɗaya ce, biro, wato ofishinsa, a saman bene yake, makewayi kuma a ƙasa, can ƙarshen gida.

Ya sami dirakta, Alhaji Mahdi, su biyu kawai, don kada a ji.

"Alhaji, da za a sauko min da tebur ɗakin ƙasa."

"Malam Inusa, buhuna ne a ciki. Su ma ai ba sa iya hawa bene. Ka yi haƙuri tukuna."

Ya yi haƙurin. Kowace safiya 'yan dako biyu su ɗauke shi su kai sama, da yamma su sauko da shi. Sukan ce ya fi riɗi nauyi, amma ba ya zuba. Yana taya su dariya. Sai dai magidanci mai furfura, irinmu da muka ɗauki kunya sarauta, ba zai leƙa taga ya ce a zo a kai shi fitsari ba. Sai ya daina shan ruwa, a tsakiyar bazara. Abokan aiki suka riƙa yabon yawan azuminsa.

Matarsa Zulai ta ce, "Malam, an ce akwai sufeton ƙwadago a Damagaram."

"In kai ƙarar mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci? Me gari zai ce?"

Gari bai ce komai ba. Ƙoda ce ta yi magana. Da aka sallamo shi daga likita, sai ya zauna a gida bai aika wa kowa ba, yana jiran Alhaji ya ji nauyi ya aiko. Alhaji ya ɗauki wani mai ƙafafu.

Sai a lokacin Zulai ta sa shi a mota.

Sufeto ya saurare shi, ya ce, "Doka ta hana a ware ma'aikaci saboda nakasa. Da ka zo kana kan aiki, da mun kira shi sulhu, in ya ƙi a je kotu. Yanzu cewa zai yi kai ka gudu. Wa ya ji sa'ad da ka roƙe shi?"

Inusa ya yi tunani. "Allah."

"Za mu gwada. Amma shaidar mutane kotu take tambaya."

Mai karatu, idan nakasa ta same ka kana aiki, gyaran wuri ba alfarma ba ce. Ka nema a gaban shaidu. In an hana, ka je wurin sufeton ƙwadago tun kana kan kujerarka, kada kunya ta cinye maka aiki da lafiya.