Farar Shinkafa a Goshin Lamba Tara

Kafin rana ta take, Hawalda Lok Bahadur ya riga ya sallami fiye da rabin samarin da suka zo filin makarantar. Tsohon soja ne mai muƙamin hawalda, wato saje, aikinsa yanzu tace 'yan tsaunukan Lamjung kafin a tura su babban gwajin shiga soja a birnin Pokhara.

A da filin nan ba ya ɗaukar masu son shiga soja, har kan katanga ake hawa. Yau layi biyu ne, su ma da giɓi. Majiya ƙarfin sun tafi Koriya da Katar neman aiki. Wasu kuma iyayensu mata suka hana, tun shekarar da aka hau tsaunin nan da akwatin gawa lulluɓe da tuta. Waɗanda suka zo ɗin kuwa, a bar kaza cikin gashinta! Wannan tumbi, wancan tabarau, wani wuyansa ya lanƙwashe don kallon waya.

Kyaftin Thapa, wanda aka turo daga birni ya sa ido, ya ajiye kofin shayinsa.

"Hawalda, su ke nan? Daga tsaunin da ya haifi kakanninku?"

"Su ke nan, ranka ya daɗe."

Lok Bahadur ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Gundumarsa ce, kunyar kuma tasa ce.

Aka zo tseren doko, kwandon nan da ake cikawa da duwatsu, a rataya igiyarsa a goshi, a hau tudu da gudu. Nan fa aka ga abin takaici. Wani ya zauna a rabin hanya yana amai, wani ya ajiye kwandon ya ce shi dama babarsa ce ta matsa masa.

Mutum ɗaya ne ya fita daban. An rubuta masa lamba tara a ƙirji, sunansa Sujan Gurung. Sunan bai ja hankalin kyaftin ba, rabin tsaunin duk Gurung ne. A goshinsa akwai farar shinkafa kwaɓe da nono, irin wadda babban gida ke manna wa mai fita neman sa'a. Da zai ɗauki kwandon sai da ya tura igiyar sama cikin gashinsa, don kada ta goge masa ita.

Ya hau tudun ya sauko, sauran ba su ko kai bishiyar tsakiya ba. Ya sauke kaya, ya ƙame, numfashinsa daidai.

Kyaftin ya miƙe tsaye. "Yauwa! Ga namiji. Ko ba a faɗa ba uban yaron nan soja ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."



"Bana ce shekararsa ta ƙarshe, ko?" in ji kyaftin. "Baɗi ya wuce shekarun ɗauka. To, ya zo a kan gaɓa. Shi kaɗai ya isa ya wanke maka fuska, Hawalda. Duba jikinsa mu tashi."

Dubawar jiki ba wani abu ba ce ga irin wannan yaro. Haƙora, idanu, tafin ƙafa, shi ke nan. Amma Lok Bahadur bai kalli ko ɗaya ba. Bai ma kalli fuskar yaron ba. Kai tsaye ya kama hannunsa na hagu, ya lalubo wani wuri sama da gwiwar hannu, ya danna da babban yatsa.

Babu tabo a wurin, babu kumburi.

"Ranka ya daɗe, hannun nan ya taɓa karyewa. Ɗorin gida aka yi masa."

Kyaftin ya zo ya taɓa da kansa. Ya daɗe yana lalube kafin ya ji ɗan tudun ƙashin, bai fi ƙwayar masara ba. Doka kuwa ba ta da kara: mai tsohuwar karaya ba ya wucewa.

"Kash!" Ya girgiza kai. "Likitan Pokhara ma da wuya ya gano wannan. Amma gaskiya ido gare ka, Hawalda. Irinku sun yi ƙaranci."

Da ma marinsa kyaftin ya yi, da ya fi wa Lok Bahadur sauƙi.

Sujan bai roƙa ba, bai yi gardama ba. Ya dubi Lok Bahadur duba ɗaya, wanda shi Hawaldan bai iya mayarwa ba. Sannan ya sa tafin hannu ya share shinkafar daga goshinsa, ya ɗauki rigarsa, ya bi ta ƙofar da ragwaye suka bi. Wanda ya yi amai ɗazu har da yi masa dariya: "Sannu jarumi! Ashe motarmu ɗaya."

A ranar ba a ɗauki ko mutum ɗaya daga gundumar ba. Tun da aka fara ɗaukar soja a tsaunin, ba a taɓa yin haka ba, kuma kowa zai ce a hannun Lok Bahadur aka yi.

Aka kawo shinkafa da miyar wake. Ya je bakin famfo wanke hannu, ya daɗe a tsugune ruwa na zuba a banza. Ya tuna nauyin akwatin nan mai tuta a kafaɗarsa, da yadda ya hau tsauni da babban ɗansa a ciki bai yi hawaye ba, don kada a ce soja ya yi kuka. Ya ɗaga babban yatsansa ya duba. A ƙarƙashin farcen har yanzu akwai ragowar farar shinkafar da ya manna da safe, yana sa albarka, a goshin ɗan da ya rage masa.