Maginiyar da Ta Daina Tashi Karɓa

Ga wani misali da akan ba wanda ya gama karatun aikin coci, ranar da za a tura shi ƙauye.

An yi wani katikis, wato malamin da ke koyar da addini, yana kuma jan addu'a a inda babu Fada, limamin cocin Katolika. Shekara uku ya yi a makaranta, ya dawo da akwatin ƙarfe cike da littattafai, ga baki, ga kyan rubutu. Ba shi da girman kai, sai dai an koya masa amsar kowace tambaya, har ta kai da ya ji rabin magana sai ya ɗauka ya san ƙarshenta. Aka ba shi wani ƙauye a ƙetaren rafi, inda Fada ba ya zuwa sai sau ɗaya a wata biyu, shi ma in hanya ta yarda. Ranar zuwan Fada ba mai zuwa gona, don ranar ce kaɗai ake karɓar Jikin Almasihu, wato gurasar da Fada ke tsarkakewa ya raba wa jama'a.

Cikin jama'ar akwai wata tsohuwa maginiyar tukwane. Rabin randunan garin ita ta gina su. Tun kafin a yi wa cocin rufin kwano take zama a benci na biyu, ɓangaren mata, kuma kullum ita ce ta fari a layin karɓa. Ran nan Fada ya zo, kowa ya tashi, ita ko motsi ba ta yi ba. Ta sunkuyar da kai har aka gama. Katikis ya gani, ya ce a ransa lalle wani zunubi ne ya tsaya mata a wuya. Washegari da la'asar ya ɗauki littafi ya nufi gidanta. Ta shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiya, ya yi mata bayanin furta zunubi tun daga tushe har reshe. Ta saurara da kyau, ta ce, "Haka ne, Malam." Ya koma gida ransa fari.

Bayan wata biyu Fada ya dawo. Tsohuwa ta shiga wurinsa ta furta zunubanta kamar kowa, ta fito, da aka zo karɓa kuma ta yi zamanta. Katikis ya ce to, ashe gaba take yi da wani. Ya yi sati uku yana karanta mata ayoyin gafara, har ya je ya kirawo maƙwabciyarta don ya sulhunta su. Maƙwabciya ta dube shi ta ce, "Malam, mu da ko jiya goro ɗaya muka raba?" Zuwan Fada na uku ma haka ta zauna. Sai ya ce shakka ce ta shige ta, wataƙila ta daina yarda cewa gurasar nan Jikin Ubangiji ne da gaske. Ya ɗauko babban littafinsa, wanda ko 'yan ajinsu ba duka suka gama shi ba, ya bi da ita babi babi. Wannan karon bai samu ko "haka ne" ɗin ba, sai hawaye da ta share da gefen zani.

Ga damina ta ƙarato. Da rafi ya cika, sai a yi wata huɗu ba a ga Fada ba, tsohuwa kuwa tana ta ramewa, ba wanda ya san ko za ta ga kaka. Zuwa ɗaya ya rage. Katikis ya duba akwatinsa, ya ga ba sauran abin da bai karanta mata ba. Duk da haka ya tafi, hannu rabbana, ya gaishe ta, ya zauna a tabarma ya yi shiru, don ba shi da abin cewa. Tsohuwa ta tashi ta ɗebo masa ruwa a moɗa, kafin ta iso rabi ya zube a ƙasa. Ta tsaya tana kallon hannunta yana rawa.

Ta ce, "Ka gani ko? Shekara hamsin ina ɗaukar ɗanyar tukunya ba ta taɓa kuɓuce mini ba. Bana uku na fasa, na haƙura da ginin. Kai ne kuwa ka koya mana, satin da ka zo, cewa ko ɓurɓushin gurasar nan da bai kai ƙwayar gero ba, Ubangiji ne gaba ɗayansa. Tukunya in ta faɗi, yumɓu ce, sai a sake kwaɓawa. Shi fa, in ya faɗi daga tafina?"

Ya ce, "Iya, me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

Ta ce, "Kullum da magana kake zuwa, ɗana, mai kyau kuwa. Ban ga inda zan sa tawa ba."

Maganin abin bai kai numfashi biyu ba: ba dole sai a hannu ba, Fada na iya sa mata a harshe. Tun shekararsa ta fari a makaranta ya san wannan, nan take kuwa ya gaya mata. Ran Lahadin ƙarshe kafin rafi ya kawo, Fada ya zo, ta tashi ta shiga layi, ta buɗe baki ta karɓa, ta koma bencinta. Wata shida ta yi da yunwa a kan abin da tambaya ɗaya ta isa ta warware. Karatunsa bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba, ya dai yi ta hawa rufi yana toshe inda babu ɓula, alhali mai gidan na zaune a ciki ba a tambaye ta ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.