Jitar Ojars

"Na same ta!" Ojars ya ƙwala ihu, har matarsa Vizma ta saki wuƙar burodi.

Shekara huɗu yana neman waƙar nan a intanet, wadda ƙungiyarsu ta makaɗa ta ɗauka a kaset a 1986, a zauren gonar gwamnati kusa da Kuldiga. Ya roƙi mutanen da bai sani ba, an turo masa waƙoƙin Lituwaniya, ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu, har sha ɗaya. Jikoki kuwa sun fara kallon juna duk sanda ya ce shi makaɗin jita ne.

Yau bikin ranar sunansa, ranar da kalandar ƙasarsu ta ware wa masu sunansa duk shekara, gida ya cika. Laimonis, tsohon mai gangarsu, shi ya tono kaset ɗin ya turo masa waƙar, yana kallo ta bidiyo daga Dublin.

Ojars ya kunna. Ganga ta fara, murya ta biyo. Ya ɗaga yatsa. "Ku saurara, nan zan shigo."

Aka saurara har waƙar ta ƙare.

"Laimonis, tsohon banza, ina jitata?"

"Abokina, ba mu taɓa jona ta da lasifika ba. Kai kaɗai ke da mota, shi ya sa muka riƙe ka."

Ojars ya juya ga matarsa. "Amma ke kin ce kiɗana ne ya sa kika aure ni!"

"Ban yi ƙarya ba, tsoho," in ji Vizma. "Ranar da ka kaɗa mini a ƙofar gidanmu, na ce a raina, bawan Allahn nan yana buƙatar wadda za ta riƙa zare masa wayar jita daga lasifika har abada."