Ɗorawar Da Ta Ƙi Hawa Tsauni

Ka ce tun da aiki ya kawo ka garin nan, gangar jikinka ce kawai ta zo, zuciyarka tana can gida. To, gyara zama in ba ka misalin wani mai kiwon zuma.

Mutumin ɗan ƙasar Katsina ne, a gindin ɗorawa ya tashi. Ubansa yana da amya a kan kowace bishiya ta gonarsu, in ɗorawa ta saki jajayen furanninta, ƙugin ƙudan zuma ne yake tashin gidan kafin zakara. Fari ya kore shi, ya yi ta tafiya har ya hau tsaunin Mambila, inda gajimare yake saukowa har ƙofar ɗaki, ruwan alwala kuma yake cizon yatsu. Ya sami gona, ya yi aure, abinci bai yanke masa ba. Amma kewar zuman gonar ubansa ta hana shi sakat, kuma ya ƙudurta sai ya sake ɗanɗana ta kafin ya mutu. Sai ya aika gida aka kawo masa kalwa, wato irin ɗorawa, da irin gawo da na kaɗanya, ya shuka. Bargon da ya kamata ya rufa da shi, dashensa yake rufa wa, har wuta yake hura musu kamar masu jego. Duk da haka in sanyi ya sauka sai ganyen ya ƙanƙance ya yi baƙi. Wata shekara ya sake aikawa gida. Amya kuwa da hannunsa yake saƙawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta yadda ubansa ya koya masa. Ƙudan zuma sukan biyo ƙamshin su shiga, su zaga gonar su ga babu abin kaiwa baka, su yi gaba. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa, 'yar asalin wurin, ta gaji da kallonsa, ta kawo masa dashen piya da na itacen turare ta ce, "Malam, zuma ba ta cin ƙamshi. Shuka abin da ƙasar nan ta sani." Ya yi godiya, ya jingine su bayan rumbu har suka bushe, domin a ganinsa karɓarsu daidai yake da yafe gida.

Sai da furfura ta cika masa gemu, gwiwa ta fara ƙin hawa bishiya, sannan ya je da kansa ya roƙi wani dashen. Bai rufa musu bargo ba, bai hura musu wuta ba, suka kama ƙasa suka miƙe. Sanyin da ya cinye masa ɗorawa, a cikinsa suka yi fure. Zuma ta zo ta zauna, amya ta yi nauyi har reshe yana lanƙwasa. Ranar da ya sauke ta ya tara 'ya'yansa, waɗanda duk a kan tsaunin aka haife su. Suka yi ta lasar hannu suna cewa ba su taɓa shan mai daɗinta ba. Shi ma ya tsoma yatsa ya kai baka. Zuma ce mai kyau, ba ta da makusa, sai dai ƙamshin turare take yi, babu na ɗorawa ko kaɗan. Ya juya baya don kada yaran su ga hawayensa, ya ce su ƙara, akwai da yawa.

Ba zan ruɗe ka in ce kewar za ta wuce ba, shi ma bai rabu da ita ba har ya koma ga Allah. Sai dai ka shuka abin da ƙasar da kake ciki za ta iya ɗauka tun kana da ƙarfin gwiwa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.