Mai Sharar Cocin Kan Tudu

Mairam maƙwabciyata ce ta fara ba ni wannan labarin, ran wata Lahadi bayan magariba, a shekarar da kogin Haɗeja ya yi ambaliya har ya ci rabin gidana. Zamanin Turawa ne, ba a daɗe da shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Nguru ba. Na rubuta muku shi ne, jikokina, yadda ya faru.

Mairam Kirista ce. Mijinta lebura ne na jirgi, daga kudancin Zariya suka zo. Su da 'yan uwansu suka gina coci a kan tudu can gefen ƙauyenmu, da ƙasa da ciyawa. Da farko ko ina daka ina jin waƙarsu safe da yamma. Mutum talatin da wani abu ne. Da mijin ya rasu, a bayan cocin aka binne shi.

A hankali abin ya yi sanyi. Aka bar addu'ar safe, aka bar ta yamma. Wannan ya tafi kamun kifi, wancan yana fadama wajen shinkafa, wani ya ce ƙafa. Ita kanta Mairam tun faɗuwar damina ba ta hau tudun ba. Ta ce laka ce. Ni dai na sha ganinta tana ratsa lakar nan zuwa kasuwa.

Malaminsu, Malam Adamu, yana aiki a garin Malam Madori, ran Lahadi kaɗai yake zuwa a kan keke. Sai ya buga guntun ƙarfen jirgin da suka rataya a bishiya har hannunsa ya gaji, mutum uku su zo, ɗaya yana gyangyaɗi. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya bi gida gida. Kowa ya ba shi ruwa ya ce mako mai zuwa. Ga shi Baturen mishan ya aiko daga Kano cewa da ɗaukewar ruwa zai zo, in bai ga mutum goma ba zai rufe wurin, a mayar wa dagaci filinsa. Mairam ta sani sarai, in aka mayar, kabarin mijinta gero za a shuka a kai. Duk da haka ba ta hau ba.

Wata Lahadi Malam ya buɗe ƙofa ya tarar an share ɗakin fes, an zuba sabon rairayi. Ya tambayi mutanensa uku, suka ce ba su ba ne.

Mako na gaba an toshe inda rufi ke yoyo. Na gaba an gyara ƙyauren da ya karye, an sa masa igiya mai ƙarfi. An jera kujerun a bango, an ɗaga tabarmi sama, amma gefen guda ya ɗan ciwu, Malam ya ce gara ce. Har ƙanshin turaren wuta yake ji. Sannan Fannami masunci ya gaya masa cewa in ya wuce da kwalekwale da asuba yakan ji kamar kuka a ciki.

Wannan ne ya karya wa Malam zuciya. Ya jingine kekensa ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce ba wa'azi ya kira su ba, su zo kawai su ga wani abu. Son gulma ya kawo su, mutum ashirin da biyu, har da Mairam.

Mairam ta ce bai ɗaga murya ba. Ya karanta musu inda littafinsu ya yi maganar wata jama'a da ta bar ƙaunarta ta farko, aka ce ta tuba ta koma ayyukanta na dā, in ba haka ba a ɗauke mata fitila. Sai ya rufe littafin ya nuna ƙasa.

"A cikinku akwai mutum ɗaya da ke zuwa nan ba wanda ya gan shi. Yana shara, yana gyara, yana kuka saboda ku. Ba zan ce ya tashi ba. Sauran ku nake tambaya, ina kuke?"

Kowa ya sunkuyar da kai yana satar kallon na kusa da shi. Ba wanda ya tashi. Kowa ya ɗauka shi kaɗai ne lalatacce a ɗakin. Wani dattijo ya fara kuka, mata suka kama, aka durƙusa a kan rairayin nan ana neman gafara har rana ta take. Kafin su watse suka yi alkawari, daga gobe Litinin za a koma addu'ar safe, kowa da kowa.

Tana ba ni labarin tana share hawaye da bakin zane. Ta ce abin da ya fi cin ranta, ita da mijinta ke kwance a wurin, wata ce ta riga ta ɗaukar tsintsiya.

"Yaya Barira, ke da gidanki ke kallon tudun, ba ki taɓa ganin kowa ba?"

Na ce mata ban taɓa ganin wani Kirista ya hau ba. Ban kuwa yi ƙarya ba. Na raka ta ƙofa, na ce Allah ya ƙara haɗa kanku, kuma har zuciyata na faɗa.

Washegari tun kafin assalatu na ɗauki tsintsiya da kaskon turare na hau tudun, na kwance awakina bakwai da nake kwanar da su a ciki tun ranar da ruwa ya ci turkena, na yi sharar ƙarshe.